Fitilar Ƙofar Hempel

Ina kan tsani a bakin aikina na kunna fitilun titi, na kai wuta bakin lagwani ke nan, sai tagar sama ta buɗe.

"Benno, don Allah ɗan dakata. Yanzu launin ke fitowa."

Tsoho Hempel ne, mai zane, hannunsa duk garin alli. Ya daɗe yana zana kogin Elbe da almuru, da allin nan mai launi wanda ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya tashi. Wai akwai wani kore-kore da ke bayyana bayan gada idan rana ta faɗi, ba ya jimawa, kuma da zarar na kunna fitilar ƙofarsa idonsa ba ya ƙara kama shi.

"Launin me, tsoho? Mu nan Dresden duhu muke ce masa."

"Ka bar tawa ta zama ta ƙarshe mana."

"In sake hawo tudun nan da wannan gwiwar? Kai za ka goya ni?"

Na kunna abata. Fitila arba'in ke jirana, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci kore-kore ya ƙoshi ba. Haka muka yi ta yi, shi ya roƙa, ni in tsokane shi, har tari ya kwantar da shi a farkon sanyi.

Ran wata Talata da safe ƙanwarsa Minna ta tare ni a matakalar gidansu, ta ce ya sa an jawo masa gado bakin taga. Maganar ta tsaya mini a rai. Da yamma na wuce ƙofarsa ban kafa tsani ba. Na gama zagayena na hawo tudun ina ɗingishi, har na shirya tsiyar da zan yi masa.

Minna ce ta leƙo.

"Kunna abarka, Benno. Tun tsakar rana ya cika."

Ta sauko mini da zanen, ta ce shi ya ce a ba ni, kada in shafa. Ga kogi, ga gada, ga jiragen kamun kifi. Bayan gadar kuwa takarda ce fara, kamar faɗin tafin hannu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari na jingina tsani a ƙofarsa ban hau ba, na tsaya ina duban bayan gada. Koren ya fito. Ko Minna ba ta gama rufe tagogi ba ya ɓace.