Hancin Mai Turare

Da annoba ta shigo gari aka rufe kasuwa, Mai Turare ya kwaso kwalabensa ya jibge su a ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin. Mutum ne da hancinsa ke ciyar da shi. Ko daga nesa ka gilma, zai faɗa maka abin da ka shafa. Sai ga rediyo na cewa daga cikin alamun cutar har da daina jin ƙamshi da wari. Tun daga ranar bai sake samun sakat ba.

Da farko abin dariya ne. Ya shinshina sabulu, ya shinshina ɓawon lemo, har matarsa na tsokanarsa wai ko ɓera bai kai shi shinshine-shinshine ba. Amma da motar asibiti ta ɗauke tela maƙwabcinsu, aka kuma dawo da labari ba da shi ba, dariya ta ƙare. Abinci ya fita ransa, gabansa kullum faɗuwa yake. Ba kansa yake ji ba, matar yake ji, don tana da asma, kuma ya san in cutar ta kama ta sai yadda Allah ya yi.

Wata safiya ya shiga ɗakin ajiyar don ya gwada hancinsa. Ya buɗe wannan kwalba, ya buɗe waccan, bai gamsu ba, ya ƙara, har ya kai ba ya jin komai. Shi ne fa mai gaya wa masu saye cewa hanci na gajiya, a fita a sha iska a dawo. To amma tsoro ba ya barin mutum ya tuna karatunsa. Ya ɗauka ya kamu, ya danna sakata, ya ce wa matarsa kada ta kuskura ta matso.

Haka ya kulle kansa a tsakiyar turare, inda hanci ba zai taɓa hutawa ba. Ta roƙe shi a kira ma'aikatan lafiya, ya ƙi, motar nan yake gani a idonsa. Sayayyar da shi ke yi ta dawo kanta: ita ce layin shago, ita ce layin kantin magani, cikin cunkoson jama'a. Ta ajiye masa kwano a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bari. Ya daina wanka, ya daina amsa magana. Daga baya ko kwalaben ya daina buɗewa, yana kwance kawai yana kallon rufi.

Wata rana da azahar, sai ga ƙauri ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Ya tashi zaune, ya ja numfashi. Ƙauri ne sosai, abinci ya kama a tukunya. A duk shekarunsa na sana'a bai taɓa jin abin da ya yi masa daɗi haka ba, har hawaye suka zubo masa.

"Ke, tukunyarki na ƙonewa," ya ce. "Na ji ƙaurin. Wallahi na ji."

Yana jin ƙarar kwanukan da take wankewa, nan kusa da murhun. Ƙarar ta tsaya.

"Wane ƙauri, maigida? Ni ban ji komai ba."

Sai ta yi tari, busasshe, ta sake yi.

Ya miƙe. Ya kama sakatar, ya zare ta.