Miyar Suren Inna

Balaraba ta gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Wata biyu ke nan tana zarya tsakanin asibiti, makarantar firamaren da take koyarwa da gidansu na Ƙofar Marke, kuma duk wanda ya tambaye ta mai jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi.

Yayanta Malami ne ba lafiya. Likita ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, a mai da shi gida. Mazan gidan, su Sirajo, suka taru a zaure, suka yanke cewa ba za a gaya wa Inna ba saboda hawan jininta. Aka ce mata olsa ce. Kamar yawancin dabarun da ake ƙullawa a zaure, mata aka bar wa ɗawainiyarta a cikin gida.

Inna kuwa ta riƙe olsar nan hannu bibbiyu. Malami ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta shiga ɗakinsa, "wancan" take ce masa. Amma ta kafa doka a madafa: ba yaji, ba tsami, ba mai. Kullum kunu da miya salam. Shi kuma bawan Allah, da ya koma ƙashi da fata, abu ɗaya yake roƙo, miyar sure, wato yakuwa, mai tsami da yajin tonka irin wadda Inna ke yi. Balaraba ta taɓa dafo masa a ɓoye daga gidanta. Ya kai cokali ɗaya, ya ture kwanon, ya ce ba ita ba ce. Kwanakinsa na ƙarewa, kuma Balaraba ta san ƙaryarsu ce ta tsaya tsakaninsa da miyar uwarsa.

Ran Asabar ta dama kunun tsamiya ta nufi Sabon Gari duba ƙawarta Dorcas, malamar aji huɗu, wadda zazzaɓin cizon sauro ya kayar kwana uku. Tun a hanya ta ja wa kanta kunne, ba a kai wa marar lafiya mugun labari.

"Maman Gloria, ya jiki?"

"Ba sauƙi ko kaɗan," in ji Dorcas daga kan katifa. "Bakina ɗaci, kaina kamar ana daka a ciki."

"Ke dai har yau ba ki iya amsa gaisuwa ba."

"Shekara ashirin ina Sakkwato, na kasa koyon wannan ƙaryar taku. Ya jikin Yaya Malami?"

Wannan karon Balaraba ba ta ce da sauƙi ba. Ta zauna a bakin katifar, kofin kunu a hannu, ta yi kukan da ta yi wata biyu tana haɗiyewa. Ta faɗi komai, har da miyar.

Dorcas ta bar ta sai da ta yi mai isarta. Sannan ta ce, "Ni ma haka aka yi mini. Mamata na kwance a ƙauye, aka ce taifot ne, kada hankalina ya tashi. Na ce to, bari a yi hutun makaranta. Sai kabari na tarar. Har gobe ban gama yafe wa ƙannena ba, kuma don tausayina suka yi."

"In na hwaɗa mata ta hwaɗi fa? Mi zan ce ma su Sirajo?"

"Wa ya ce ki ambaci daji? Me likita ya ce a kan abinci?"

"Yac ce a ba shi duk abin da ransa ka so."

"To shi za ki faɗa. Inna ta yi jinyar mutane tun ba a haife mu ba."

Dorcas ta dafa bango ta miƙe, ta ɗaura zani, tana rawar sanyi cikin zafin Sakkwato. Balaraba ta yi ta yi da ita ta kwanta, ta ƙi. Ta ce in ta bar ta ita kaɗai, a ƙofar gida za ta canja shawara. Gaskiya ta faɗa.

Bayan la'asar suka sami Inna a tsakar gida tana tankaɗen garin kunu. Ta dubi Dorcas sama da ƙasa.

"Ke ɗiyata, da wanga jiki kika yawo cikin rana?"

"Rakiya na yi, Inna."

Balaraba ta durƙusa. "Inna, likita yac ce a ba Yaya duk abin da shika so."

Rariyar ta tsaya.

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Har tonka?"

"Har tonka."

Inna ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya. Ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Dorcas ta matso ta riƙe hannun Balaraba, tafinta zafi rau.

"Tun yaushe yac ce haka?"

"Sati ukku ke nan."

"Sati ukku," in ji Inna a hankali, "kuna kallo ina ba shi lami."

Ta ture ƙwaryar, ta aika aka sayo sure da daddawa, ta jawo turmi. Balaraba ta miƙa hannu za ta karɓi taɓarya, Inna ta ce mata ta bari. Ita ta daka, ita ta hura wuta, hayaƙi na shiga idonta tana sharewa da gefen zani. Ƙamshin miyar ya cika gidan, har Dorcas mai ɗacin baki ta haɗiyi yawu.

Da ta zuba, Balaraba ta tashi za ta kai masa kamar kullum. Inna ta ɗauki kwanon da kanta, ta ratsa tsakar gida, ta tsaya a ƙofar ɗakin da ba ta shiga.

"Malami," ta ce. "Tashi ka ci."