Lambobin da ke Dokin Ƙofa

Duk unguwar babu wanda bai san labarin Gagara-Ruwa ba, don shi da kansa ba ya bari a manta. Shekarar babbar ambaliya, in ji shi, ruwa ya cinye layinsu kaf, shi kuwa yana ɗan saurayi ya goya yayarsa, ya ratsa ruwa iya wuya, ya kai ta kan tudu. A shagon aski yake ba da labarin, a layin asibiti ma bai ƙyale mutane ba, kuma kowace shekara ruwan sai ya ƙara zurfi. Yayar tasa tana nan a ɗakin kusa da rijiya da ɗingishinta, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Rannan aka kira magini ya gyara dokin ƙofar tsohon ɗaki, wanda shi kaɗai ruwan ya bari a tsaye. Yana ɓamɓare simintin sama sai ga na dā a ƙasa, da lambobi a jiki.

"Baba ne ya zana da ƙusa ranar da aka haifi Auta," in ji yayar daga kan kujerarta, tana nuna ƙanen nata.

Tsoho ya gyara hula. "Kun ji ko? Ni har siminti ya san da zamana!" Bai iya karatu ba, sai ya ƙwala wa mijin 'yarsa kira. "Malam, zuba wannan a wayarka, ka gaya wa mutanen nan casa'in da nawa nake."

Surukin ya durƙusa ya danna. "Ranar Talata aka haife ka, Baba."

"Ranar maza ke nan!"

"Zuciyarka ta buga wajen sau biliyan uku."

"Ko hutun shan ruwa ba ta taɓa yi ba."

"Ka kuma yi barcin da ya haura shekara ashirin."

"Ƙarya take! Ni ido ɗaya nake rufewa." Aka kwashe da dariya. "To, shekarun fa? Faɗi da ƙarfi."

Surukin ya sosa kai, ya dubi matarsa. "Saba'in da tara, Baba."

"Af!" in ji magini, bai ko ɗago ba. "Ai ambaliya bana shekararta saba'in da shida, a jikin gada ma an rubuta. Ke nan lokacin Baba yana ɗan shekara..." Sai ya haɗiye sauran, ya kama kwaɓa simintin da ya riga ya kwaɓu.

Surukin ya cusa waya a aljihu kamar wanda ya sato ta. Gagara-Ruwa ya sunkuyar da kai. A gaban suruki! Ya lalubi ranar nan a ransa, ya same ta yadda take kullum: ruwa ja, ihun mutane, warin jiƙaƙƙen gashi, da wata ƙeya dab da hancinsa, ya ƙanƙame wuyan mai ita. Ƙeya! Ta yaya wanda ya yi goyo zai ga ƙeyar wanda ke bayansa?

Yayar ta dafa bango ta shige ɗaki. Ya bi ta, ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Yaya."

"Na'am, Auta."

"Ƙafar nan taki..."

"Katakon rufi ne ya faɗo, na kare kanka. Nauyi gare ka kuwa, kamar turmi."

"Shekara da shekaru ina ta zuba a gabanki, ba ki ce mini komai ba?"

Ta yi 'yar dariya. "Bayan ruwan nan, kullum sai ka farka da ihu ka jiƙa shimfiɗa. Wata rana kawai ka fara ce wa yara kai ne ka goya ni. Tun daga ranar ka daina. Na ce a bar shi haka, wanki ya ishe ni."

Ya sulale ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar.

Washegari ya shiga shagon aski, mai aski ya ce, "Gagara-Ruwa! Ga baƙo, a ba shi labarin ambaliya."

Tsoho ya dubi takalmansa. "Ku je gida ku tambayi mai sunan. Tana ɗakin kusa da rijiya."