Takalmi Uku a Ƙofar Majo Sabi

Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin ƙofar ƙaramin asibitin garinmu, can gefen Nikki. Aikina bai wuce in karɓi kati, in dubi mai shi, in ce dama ko hagu ba. Dama ɗakin Majo Sabi ne, babban ma'aikacin jinyarmu, hagu na Madam Bona mataimakiyarsa. Daga teburina baranda kawai nake hangowa. Mutanenmu kuwa ba sa tsayuwa a rana, kowa sai ya jera takalminsa a layi ya koma gindin mangwaro. Takalman nake ƙirgawa in tura mutum inda suka fi kaɗan. Har cika baki nake yi cewa ban taɓa ɗaga jikina daga kujera ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi wata Bafulatana mai suna Pendo ta zo daga ruga, goye da 'yarta. Jikin yarinyar zafi rau, ido na juyewa.

"Inna, ina zan je?"

Na leƙa. Hagu takalma sun fi ashirin, dama uku kacal.

"Dama. Ajiye takalminki ki zauna nan. Kada ki motsa sai an kira ki, kin ji ko?"

Da tsawa na faɗi na ƙarshen, don a ganina mutanen ruga yawo gare su.

Ashe tun da safe Majo Sabi ya fita ta ƙofar baya a kan babur, an kira shi wurin wata mai naƙuda. 'Yan gari sun gani, kowa ya ɗauke takalminsa ya koma hagu. Masu ukun nan kuwa sun shiga kasuwa abinsu. Na ga hagu na cika, amma na ce ai don Madam Bona ba ta faɗa ne.

Bayan azahar Yon mai koko ta zo kwashe kwanoninta.

"Bake, sarauniyar kujera! Wace ce kika dasa a ƙofar da babu kowa? Ko so kike ta yi saiwa?"

Na ruga, na tarar da Pendo inda na ajiye ta, ta kwanto yarinyar tana mata fifita da gefen zane.

"Baiwar Allah, ba ki ga kowa ya koma can ba?"

"Na gani, Inna. Ke kika ce kada in motsa."

Ba da fushi ta faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Madam Bona ta yi iya yinta, ta sa aka wuce da su babban asibiti. Yarinyar ba ta kai ba.

Babu wanda ya tuhume ni. Majo ya ce zazzaɓin ya riga ya hau kai, mai yiwuwa ko da an duba ta da safen ma da ba ta rayu ba. Mai yiwuwa. Ni dai na san awa huɗu na ci mata.

Bayan wata biyu Pendo ta dawo, riƙe da hannun tsohuwarta mai tari, bayanta babu goyo. Ta miƙo mini kati hannu bibbiyu.

"Inna, ina zan je?"

Dama takalmi huɗu, hagu sun kai bakin rijiya. Har na buɗe baki zan ce dama, sai na fasa.

"Tsaya nan, 'yata," na ce.

Na tashi, na taka har ƙofar Majo Sabi, na ƙwanƙwasa. Ban juyo ba sai da na ji muryarsa daga ciki.