Wanne ne Ɗanka, Baba?

Wallahi har yau in na tuna Koci Muhammad Bashir sai abinci ya fita raina. Shi ke horar da mu ƙwallon kwando a kwalejinmu da ke Gaya, kuma mutum biyar kawai ya sani a duniya. Su zai sa tun daga usur ɗin farko har na ƙarshe, ko da numfashinsu zai ɗauke. Mu sauran aikinmu ɗumama benci da miƙa ruwan leda. Ni Hadi, ɗan garin Balan, ba wanda yake riga ni zuwa atisaye, amma rigar wasata ko wanki ba ta nema.

Ana gobe wasanmu da 'yan Ajingi aka ce wani mutum zai zo daga Kano ya zaɓi 'yan wasa don ƙungiyar jiha. To wanda bai taka fili ba, ta ina za a gan shi? Na sami Koci na ce, "Don girman Allah, ko minti kaɗan ne ka ba ni." Ya ce, "Sai mun ga yadda wasa ya kaya." Kullum bakinsa ke nan.

Baffa, wato mahaifina, ya bar cirar gyaɗa ya hau mota ya zo kallo. Ganin furfurarsa aka ba shi kujera dab da bencinmu. Kusa da ni Kamilu ne zaune, ɗan aminin Baffa, shi ma ɗan benci kamata.

Muka yi wa 'yan Ajingi nisa tun kafin hutun rabin lokaci. Nasara ta riga ta tabbata, amma ina! Koci bai canza kowa ba. Ashraf, ɗan lelensa, ɗingishi yake yi, shi kuwa sai ihu yake masa, "Daure! Daure!" Mutumin Kano yana kallo yana danna waya. Ni kuwa ina benci ina miƙa ruwan leda.

Sai da lokaci ya kusa cika Ashraf ya zauna daɓas a tsakar fili. Dole a sa wani. Maimakon Koci ya dubi bencinsa ya zaɓa, kamar yadda kowane mai hankali zai yi, sai neman suna ya motsa masa. Ya juya wajen Baffa yana washe baki, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, tunda ka taso takanas, wanne ne ɗanka? Nuna min shi in sa shi."

Innalillahi! Ni ne ɗan fari. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya nuna shi da yatsa cikin taro. Tun da na yi wayo "wannan" nake a bakin Baffa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san haka, har shi Kocin, da zai tsaya ya yi tunani.

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai duk 'ya'yana ne."

"A'a Baba, nuna ɗaya."

Baffa ya ɗaga sandarsa ya nuna Kamilu.

Kamilu ya dube ni, na ce masa, "Tashi mana, me kake kallo?" Ya shiga, ya jefa ƙwallo biyu masu kyau daga nesa. Ana tashi mutumin Kano ya kira shi gefe. Ban ji haushin Kamilu ba, rabonsa ne ya tsaga. Amma na yi baƙin cikin da ban taɓa yin irinsa ba.

A tasha na kasa haƙuri. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar.

"Baffa, ina zaune a gabanka! Me na yi maka?"

Baffa ya juya ya kalli titi, ya ce:

"Tun da aka haife ka ban kira sunanka ba. Yau a gaban jama'a zan fara?" Ya buga sandar da ƙasa. "Amma shi malamin naku makaho ne? Kullum kana gabansa, sai ni zan gaya masa ko wane ne kai?"