Gwiwar Bahago

Takardar labaran ƙungiya ta shigo wayar Ƙanƙara ranar Litinin, yana tsaka da naɗe idon sawun wani mai tsaron gida a ɗakin jinya na kulob. Ƙungiyar masu gashin ƙashi na 'yan wasa ce, kuma takardarta ba ta sauya hali: wane ya sami ƙarin girma, wance ta haihu, ga hoton shugaba yana washe baki. Can ƙasa aka saka sanarwar bitar bana, kan sabuwar hanyar gwada jijiyar gwiwa, da layin nan na kowace shekara: kowa ya zo da gajeren wando da abokin gwajinsa.

A wannan bita ba a kawo majinyata. Mutum biyu ke raba gado ɗaya, wannan ya kwanta wancan ya gwada a jikinsa, sannan a yi musanya. Shekara goma sha shida abokin gwajin Ƙanƙara ɗaya ne, Bahago. Shi ne ma ya laƙaba masa sunan, don ko ciwon kai ɗan wasa ya kawo sai ya ɗora masa ƙanƙara. Ya san gwiwar Bahago ta dama fiye da tasa: tabon tsohuwar tiyata a gefen ƙoƙon, da 'yar ƙarar da take yi idan aka lanƙwasa ta. Bahago kuwa majinyaci ne mai baki, yana kwance yana gyara wa mai gwadawa riƙo.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun hagu, wanda da shi yake cin abinci a sana'ar, ya ƙi. Tun daga nan ya fita daga zauren ƙungiya na waya, ya daina ɗaukar kiran abokan aiki.

Ƙanƙara ya yi kewarsa, kewar da babba ke jin kunyar faɗa. Ranar Laraba da la'asar ya je gidan.

Matar Bahago ce ta buɗe ƙofa. "Yaya, ashe kana gari? Mun ɗauka an sayar da kai tare da 'yan wasan."

"Wa zai saye ni, amarya? Ina mutumin?"

Yana falo, ƙwallon roba na motsa yatsu a cinyarsa, talabijin na ta surutu ba mai kallo. Suka gaisa, suka taɓa zancen kulob, sannan Ƙanƙara ya miƙa masa wayar. Bahago ya karanta, ya mayar.

"Asabar ce," in ji Ƙanƙara. "Zan biyo in ɗauke ka."

"In je in yi me? In gwada gwiwar mutum da hannu ɗaya?"

"Wa ya tambaye ka hannu? Gwiwarka nake so aro."

"Wato na tashi daga likita na koma kayan gwaji." Bahago ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ido ba. "Ka bar ni, abokina. Ba zan iya shiga ɗakin nan ana yi mini sannu ba. Nemi wani."

Ƙanƙara bai ja zancen ba. Ya san taurin kan mutuminsa, idan aka matsa masa ƙara ƙanƙamewa yake yi.

Ranar Asabar ɗakin bitar na nan yadda ya san shi, gadaje ashirin a jere, warin man zafi, manyan mutane masu furfura da tumbi suna yawo da gajeren wando ba kunya. Aka haɗa shi da wani likitan 'yan kokawa wanda shi ma abokinsa bai zo ba. Mutumin kirki ne, gwiwarsa lafiya lau, kuma duk yadda aka riƙe shi cewa yake "daidai ne". Malamar bitar ta nuna riƙon: tafin hannu a ƙarƙashin ƙwauri, ɗaya hannun a kan cinya, a danna a hankali. Ƙanƙara ya kama, sai ya ji babban yatsansa na shafa gefen ƙoƙon, yana neman tabon da babu shi.

"Lafiya, yallaɓai?" mutumin ya tambaya.

"Lafiya ƙalau," in ji shi. Har aka tashi bai san ko ya iya riƙon ba, don babu wanda ya ce masa ya yi kuskure.

Da aka raba takardun shaida bai tsaya hoto ba. Gadonsa na naɗewa yana bayan mota, wanda yake zuwa fili da shi, sai ya nufi gidan Bahago kai tsaye. Ya kinkimo gadon, ya buga ƙofa da gwiwar hannu.

Matar ta dube shi, ta dubi gadon, ta rage murya. "Tun safe ya yi wanka ya shirya, Yaya. Har bakin get ya kai, ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo. Kada ka ce na faɗa."

Ƙanƙara ya buɗe gadon a tsakiyar falo, ya ture teburi gefe.

"Wannan kuma fa?" in ji Bahago.

"An koya mana abu, ban gane ba. Wanda aka haɗa ni da shi ko karya shi na yi godiya zai yi. Hau."

Har Ƙanƙara ya fara tunanin naɗe gadonsa. Sai Bahago ya miƙe a hankali, ya tattare doguwar rigarsa da hannun dama. A ƙarƙashinta tsohon gajeren wandon bitar ne, shuɗi, mai tambarin ƙungiya da ya koɗe. Ya hau ya kwanta, ya ɗora hannun hagun a kan cikinsa, ya zuba wa silin ido.

Ƙanƙara ya sa tafinsa a ƙarƙashin ƙwaurin. Yatsansa ya sami tabon a inda ya bar shi. Ya danna, gwiwar ta yi 'yar ƙararta.

"Haka ta koya muku?" in ji Bahago.

"Haka."

"Ƙarya kake. Sauko da hannunka ƙasa kaɗan, ka sake."