Makullin Ƙafar Hagu

Shekara ashirin da shida Lawai yana bin hanyar masu katako da motarsa, daga dogon gidan bakin kogi da duk danginsu ke zaune a ciki zuwa garin Long Lama. Ya kai abarba kasuwa, ya komo da gishiri da tukwanen gas. Inda kwalta ta ƙare, dole a sauka a murɗa makullan ƙafafun gaba da hannu, sannan ƙafa huɗun motar su ja tare. Shi ke murɗa na dama, matarsa Usun ta murɗa na hagu, kuma kullum sai ta riga shi komawa mota.

Usun ta rasu bayan girbin shinkafa. Wata uku bayan haka makullin hagun ya cije, Lawai ya kai motar garejin Ah Teck.

Makaniken ya ajiye masa makulli iri biyu a kan benci. "To, tsoho, ga su nan. Wannan na hannu ne, irin naka. Wancan kuwa shi ke kulle kansa, kana zaune ka sa giya, shi ke nan. Sai dai in ka kafe kana gaba kana baya, yakan saki."

"Kai wanne ka sa wa taka?"

"Ni ina nake zuwa? Daga nan sai shagon shayi."

Lawai ya kira 'yarsa Bungan, ma'aikaciyar jinya a birnin Miri. Ta ce, "Baba, da wace gwiwar za ka riƙa sauka cikin ruwa? Ka sa mai kulle kansa mana. Yanzu ai ba ka da mai taya ka." Lawai ya ce to. Aka ɗaura masa mai kulle kansa.

Sati biyu yana jin daɗin abin. Ran nan da hantsi ruwa ya tsuge, motar ta nutse a jar laka a gindin wani tudu. Ya ja baya kaɗan don ya taso da ƙarfi, sai ya ji ƙas, ƙafafun gaba sun saki. Ya sake gwadawa, na baya kawai ke juyawa suna haƙa rami. Wayarsa ba ta kamawa a wurin.

Ya kashe mota ya zauna. Ya kwance ƙunshin shinkafarsa ta cikin ganye, ya ga ashe ya dafa ta mutum biyu, ya ci rabi ya nannaɗe sauran. Ruwa na dukan rufin motar, ba kowa a hanyar. Sai da rana ta karkata wata babbar motar katako ta zo, direban ya jawo shi da sarƙa, ya ɗaga masa hannu ya wuce, ko sunansa bai tambaya ba.

Ran Litinin ya koma gareji. Ah Teck ya dubi lakar da ta bushe har kan murfin ƙofa, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya sa aka kawo shayi, ya zaro na hannun daga kwali.

Ah Teck ya ce, "Me zan ce wa Bungan in ta kira ni?"

"Ce mata mota lafiya lau," in ji Lawai. Ya jawo kujera kusa da inda Ah Teck ya durƙusa, yana miƙa masa sifana, har aka gama ɗaurawa bai tashi ba.